Nazarin Lamari: Karen da Wanka Ya Kasa Raba Shi da Wari da Ƙaiƙayi

Asalin karen da yadda yake zaune

Kare ne namiji, ruwa biyu, mai faɗaɗɗun kunnuwa masu reto. Shekararsa 2 da wata 4, nauyinsa kilo 18. Yawancin lokacinsa a cikin gida yake, yana kwana a kan wata katifar soso da aka lulluɓe da bargo. Akwai kyanwa ɗaya a gidan, ita kuma tana fita tana dawowa yadda ta ga dama. Abincinsa busasshen abincin karnuka ne na buhu, sai ɗan abin da ya rage a kwano da ake miƙa masa. An yi masa allurorin rigakafi a kan lokaci. Maganin ƙuma kuwa sai an ga ƙumar da ido ake nema.

Wata biyar kafin a kai shi asibiti

Abin ya fara da lasar ƙafafun gaba. Da dare ake jin sa, yana lasa yana cizon tsakanin yatsu har gashin wurin, wanda fari ne, ya rine ya koma ja-ja kamar tsatsa. Yawu ne ke kawo wannan launi idan ya daɗe yana jiƙa gashi. Bayan sati uku ya fara girgiza kai yana sosa kunnen dama. A wata na biyu wari ya shigo, wani wari mai nauyi irin na man da ya daɗe ya lalace, wanda ke manne wa hannun duk wanda ya shafa shi, ya kuma kama bargo da kujera.

Abin da aka gwada a gida

Wanka aka fara ƙarawa. Daga sau ɗaya a wata aka koma sau uku a sati, da sabulun mutane mai ƙamshi. Warin kan kwanta na yini ɗaya, zuwa daren rana ta biyu ya dawo. Sai aka riƙa fesa masa turare bayan wanka. Sau biyu aka zuba maganin wanke daɓe a ruwan wankan, a karo na biyu cikinsa ya yi jawur, aka bari.

A wata na uku aka sauya masa abinci zuwa na wani kamfani daban, aka ba shi sati biyu, ba a ga canji ba, aka koma na da. An saya masa abin wuya na korar ƙuma, ba a yi wa kyanwar komai ba. An ba shi ƙwayar borin jini ta mutane na kwana goma, ta sa shi barci, susar tana nan.

A wata na huɗu wani ya ba mai karen shawarar prednisolone, wata ƙwaya mai danne kumburi da ƙaiƙayi. Aka ba shi miligram 10 kullum na kwana 12 ba tare da likita ya duba ba. Cikin kwana biyu susa ta ragu sosai, sai dai ya riƙa shan ruwa kamar ba gobe, yana fitsari har cikin ɗaki. Warin bai tafi ba. Kwana biyar da daina ƙwayar ƙaiƙayi ya dawo fiye da da, ƙuraje suka fito a fatar cikinsa.

Rana ta 1: abin da aka gani a asibitin dabbobi

Kafin a taɓa karen, an ba mai shi ma'auni daga 0 zuwa 10 ya nuna inda ƙaiƙayin yake: 0 kare lafiyayye, 10 karen da ke barin abinci ko wasa ko barci don ya yi susa. Ya nuna 9. Aka ce ya riƙa rubuta wannan lamba kowace yamma a takarda ɗaya, domin da ita za a auna duk abin da za a yi nan gaba.

Daga nan aka bi jikin daga baki zuwa wutsiya, don wari a jikin kare yana da maɓuɓɓuga fiye da ɗaya. Haƙora da dasashi lafiya lau. Ƴan jakunkuna biyu da ke gefen dubura, waɗanda idan sun cika suke fitar da ƙarni irin na kifi, an matsa su, ruwansu kaɗan ne kuma na al'ada. Warin daga fata da kunne yake fitowa.

A hammata, da matsematsi, da ƙasan wuya, fatar ta yi kauri ta yi baƙi, ta yi gyaɗa-gyaɗa kamar fatar giwa, ga maiƙo mai ɗanko a kanta. Tsakanin yatsu ja ne kuma a jiƙe, gindin farata da wata dauɗa mai ruwan ƙasa. A fatar ciki akwai ƙananan ƙuraje masu farin kai, da wasu zagaye-zagaye na ɓawo inda ƙurji ya fashe ya bushe. Kunnuwan biyu sun yi ja daga ciki, na dama cike da dauɗa baƙa mai laushi. Da aka leƙa da madubin kunne, tantanin can ciki bai fashe ba, kuma sanin wannan wajibi ne kafin a ɗiga kowane magani. Bakin ganyen kunne sumul yake, babu ɓawo, gwiwoyi ma haka, kuma nan ne ƙazuwa ta fi nuna kanta.

Gwaji huɗu aka yi nan take. An taje gadon baya da gindin wutsiya da matsefi mai ƙananan haƙora, aka kaɗe abin da ya fito a kan farar takarda mai laima. Ƙuma ɗaya ba a kama ba, amma baƙaƙen ɗigo-ɗigon da suka zubo sun narke sun yi ja. Kashin ƙuma ke nan, busasshen jinin da ta sha. An kankari fata da reza a wuri biyar, sama-sama don neman ƙwaron ƙazuwa, Sarcoptes, da kuma can ciki har jini ya ɗan tsattsafo don neman Demodex mai zama a ramin gashi. Ba a ga ko ɗaya ba. Rashin ganin Demodex a kankara mai zurfi abin dogaro ne, amma Sarcoptes ya fi ɓuya fiye da bayyana, saboda haka ba a cire shi daga lissafi ba.

Na uku shi ne gwajin salatif. Ana manna farin salatif a fatar hammata da tsakanin yatsu, a ɗaye, a rina, a ɗora a gilashi a duba a madubin likita. Ko'ina cike yake da yis, wato ƙananan ƙwayoyin fungas da ido ba ya gani, irin wanda ake kira Malassezia pachydermatis, mai siffar gyaɗa a cikin ɓawonta, 15 zuwa 20 a kowane fili da aka duba. A fatar lafiyayyen kare sai an yi nema kafin a ga ɗaya ko biyu. Daga ƙurajen ciki aka ga bakteriya masu zagaye a cikin fararen ƙwayoyin jini, irin hoton da Staphylococcus pseudintermedius ke bayarwa. Na huɗu, dauɗar kunne, ita ma yis ce zalla.

Rana ta 1 zuwa ta 28: kawar da yis, bakteriya da ƙwari

An ba karen fluralaner miligram 500, adadin da ya dace da kare mai kilo 10 zuwa 20. Yana aiki na sati 12, yana kashe ƙuma da kaska, yana kuma kashe Sarcoptes da Demodex, don haka ya rufe ƙofar ƙazuwar da kankara ta bari a buɗe. Kyanwar ita ma an ba ta maganin ƙuma na kyanwa. An ja kunnen mai gidan kada ya kuskura ya ɗiga mata na kare, domin da yawa daga cikinsu suna ɗauke da permethrin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, yana iya kashe ta.

Ƙumar da ke jikin dabba ƴar kaɗan ce a kan abin da ke cikin gida. Macen tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan ya gangaro ya faɗa shimfiɗa da tsagar daɓe, ya zama tsutsa, ya shiga ƙwanso inda zai iya yin watanni yana jira. Saboda haka aka ce a wanke bargo da rigar katifa da ruwa mai zafin digiri 60 kowane sati, a share lungu da ƙarƙashin kujeru, a zubar da sharar nesa. Katifar soson, wadda maiƙo ya ratsa, an jefar da ita.

Wankan shi ne ya fi buƙatar bayani. Shamfu mai chlorhexidine kashi 2 cikin 100 da miconazole kashi 2 cikin 100 aka rubuta, sau biyu a sati. Ana jiƙa karen da ruwa mai ɗumi kaɗan, domin ruwan zafi yana tayar da ƙaiƙayi. A fara shafa kumfa daga inda ciwon ya fi tsanani: yatsu ɗaya bayan ɗaya, gindin farata, hammata, matsematsi, ƙasan wuya, sannan sauran jiki. Daga lokacin da aka gama shafawa a duba agogo, kumfar ta zauna minti 10 cif. A nan yawancin mutane ke faɗuwa, don minti 10 da jiƙaƙƙen kare mai neman gudu yana da tsawo, ana ɗauraye shi a minti na uku a ce maganin bai yi ba. Ɗauraya kuma sai ruwan ya fito garau, saboda ragowar shamfu ita kanta tana sa susa. A ƙarshe a tsane shi da tawul, a bi tsakanin yatsu da hammata har su bushe, kada a bar laimar da yis ke so.

Kunne kuwa, ramin kunnen kare yana sauka ne sannan ya lanƙwasa ya nufi ciki, shi ya sa tsinken auduga ke danna dauɗa can ƙasa. Ana cika ramin da ruwan wanke kunne, a murza gindin kunnen na daƙiƙa 30 har a ji ƙarar ruwa, a saki karen ya girgiza kai, a goge abin da ya fito da auduga a yatsa. Sau biyu a sati. Maganin ɗigawa mai kashe yis da rage kumburi kuma safe da yamma na kwana 14.

Don a tsayar da susa fata ta samu ta warke, an ba shi oclacitinib miligram 8, wato rabin ƙwaya mai miligram 16, safe da yamma na kwana 14, aka tsaya. Ba a ba shi maganin bakteriya na sha ba. Ƙurajen na saman fata ne, chlorhexidine na isa gare su, kuma wannan bakteriyar ta yi suna wajen bijire wa magunguna idan ana yawan ba da su.

Rana ta 7 ƙaiƙayi ya sauko 4. Rana ta 14 wari ya kusa ɓacewa, ƙurajen ciki sun bushe, salatif ya nuna yis 2 zuwa 3 a fili. Rana ta 28 babu wari, babu kashin ƙuma, yis sai ɗaiɗai, kunnuwa tsaf. Baƙin fatar hammata bai washe ba, wannan kan ɗauki watanni. Amma tun daga rana ta 17, kwana uku da daina oclacitinib, lambar da ke takardar ta fara hawa, a rana ta 28 tana 6. Yana lasar ƙafa, yana goga fuska a kujera.

Sati na 5 zuwa na 7: gwajin abinci na farko

Kare mai ƙaiƙayi a ƙafafun gaba da cikin kunne da hammata, wanda ya fara kafin shekara 3, kuma ba ƙwaro ba yis, abu biyu ake zargi: alajin abinci, wato garkuwar jiki ta riƙa yi wa wani abinci bore, ko alajin abin da ke muhalli kamar ƙwaron ƙura da garin fure. Ido ba ya raba su, hotonsu a fata ɗaya ne. Gwajin jini ko na gashi da ake tallatawa don gano alajin abinci ba abin dogaro ba ne. An sake tambaya game da bayan gida, mai karen ya ce yana yi sau huɗu ko biyar a rana, da laushi, tun yana ƙarami, har an ɗauka haka yake.

Aka sa shi a abincin gwaji wanda aka farfasa furotin ɗinsa, na waken soya, ya zama ƙanana sosai yadda garkuwar jiki ba ta gane shi. An shigar da shi a hankali cikin kwana 5, ana rage tsohon ana ƙara sabon. Sharaɗin shi ne sati 8 babu abin da zai shiga bakinsa sai wannan abinci da ruwa. Sati 8 ɗin ba a banza aka yanka ba: nazarin da aka wallafa a 2015 ya nuna wannan tsawon ne ke gano fiye da kashi 90 cikin 100 na karnuka masu alajin abinci. Wankan shamfu ya koma sau ɗaya a sati.

A ƙarshen sati na 7 lambar tana yawo tsakanin 5 da 6, wata rana ta sauka 4, washegari ta hau. Kunnen dama ya fara wari. Mai karen ya rantse ba a ba shi komai ba. Aka ce ya rubuta duk inda karen ya sa baki na kwana uku. A rana ta biyu aka kama shi: kwanon kyanwa yana ƙasa a ɗakin girki, ita ta ci ta bar saura, shi ya bi ya lashe tas. Abincin kyanwar da naman kaza aka yi shi.

Sati na 8 zuwa na 15: gwaji na biyu

An mayar da kwanon kyanwa saman kanta, aka fara ƙirga sati 8 daga farko. An duba sauran hanyoyin da abinci ke satar shiga: man goge haƙora mai ɗanɗanon nama an ajiye shi, ƙashin taunawa na fatar saniya an ɗauke, kwandon shara an sa masa murfi. Da lokacin sake maganin ƙuma ya yi a sati na 12, na ɗigawa a ƙeya aka ba shi maimakon ƙwayar taunawa mai ɗanɗano. An ba shi oclacitinib a sati biyun farko kawai, aka yi wa kunnen magani na kwana 10.

Bayan gida ne ya fara gyaruwa, cikin kwana 12 ya koma sau biyu a rana, da tauri. Fata ta fi jinkiri. Sati na 11 lambar tana 4, sati na 13 tana 3, sati na 15 tana 2, ba tare da ƙwaya ba tun sati na 9. Sabon farin gashi ya fara fitowa a yatsu a ƙarƙashin wanda ya rine.

Sati na 16 zuwa na 23: mayar da tsohon abinci

Mai karen bai so wannan mataki ba, ya ce wa likitan, "Likita, an samu lafiya, me ya sa za mu tono?" Dalilin shi ne sauƙin zai iya zama na sauyin yanayi, ko na shamfu, ko na ƙarewar ƙuma a gidan, kuma ba a ɗaure kare da abinci na musamman har abada a kan zato. Aka ba shi tsohon abincin. Rana ta 2 bayan gida ya yi laushi, rana ta 3 ya kwana yana lasar ƙafa, lambar ta hau 6. Aka janye nan take, cikin kwana 10 ya dawo 2.

Sai aka bi kayan abinci ɗaya bayan ɗaya, kowane a ɗora shi a kan abincin gwaji har kwana 14, ko har alama ta fito. An fara da waɗanda aka fi kamawa da laifi a karnuka. Naman sa, kwana 14, shiru. Alkama, kwana 14, shiru. Dafaffen naman kaza gram 50 a rana: rana ta 3 kunnuwa sun yi ja, lambar ta kai 5. Da aka karanta bayan buhunan abinci biyun da ya taɓa ci, na asali da wanda aka sauya masa a wata na uku, duka biyun da garin naman kaza a jerin kayan haɗinsu, duk da cewa na biyun hoton rago ne a gabansa.

Wata na 6 zuwa na 12

An zaɓa masa abinci na yau da kullum wanda babu kaza a ko'ina cikin jerin kayansa. Maganin ƙuma kowane sati 12, shi da kyanwar kowa da nasa. Wanka da shamfu mai magani sau ɗaya a sati biyu, wanke kunne sau ɗaya a sati, goge yatsu da tsumma mai chlorhexidine idan ya dawo daga ciyawa mai raɓa. A wata na 9 an yi sati shida ba a yi wankan ba, wari ya ɗan taso a ƙafafun gaba, salatif ya nuna yis 6 zuwa 8 a fili. Wanka sau biyu a sati na sati uku ya kwantar da shi.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Matsala uku ce ta hau kan juna. A ƙasa akwai alajin naman kaza, wanda ya sa fata kumburi ta riƙa fitar da maiƙo fiye da kima. A kan wannan yis da bakteriya, waɗanda dama mazauna fatar kowane kare ne, suka samu ɗumi da laima da abinci suka yaɗu, su ne suka kawo wari suka kuma ninka ƙaiƙayin. Ƙuma ta ƙara nata. An ga rabon kowane a lambobi: kawar da yis da ƙwari ya sauko da 9 zuwa 6, cire kaza ya sauko da 6 zuwa 2.

Wankan gida ya gaza ne domin sabulun ƙamshi yana ɗauke maiƙon da ke wari amma ba ya kashe yis ɗin da ke sarrafa shi, kuma an yi shi ne don fatar mutum, wadda ta fi ta kare kauri da tsami. Yawan wankan kansa ba laifi ba ne, an yi sau biyu a sati da abin da ya dace aka ga amfani. Maganin wanke daɓe ƙona fata kawai ya yi, kuma kare na lashe abin da aka shafa masa. Prednisolone ya danne ƙaiƙayi ya kuma danne garkuwar fata, ƙurajen da suka biyo baya daga nan suke. Maganin yana da wurinsa a hannun likita, bayan an san me ke kan fatar. Sauyin abinci na wata na uku ba gwaji ba ne, sati biyu ya yi kaɗan, kuma kazar ce dai a sabon buhu.

Kuskuren da ya fi cin lokaci na asibiti ne. An san da kyanwa a gidan tun rana ta 1, har an rubuta mata maganin ƙuma, amma ba a tambayi inda kwanonta yake ba kafin a fara gwajin abinci. Sati uku suka tafi a haka, kuma da an yanke hukunci a ƙarshen wancan gwajin da an ce ba abinci ba ne, a ɗora karen a kan ƙwayar ƙaiƙayi ta kullum.

Lambar ba ta taɓa kaiwa 0 ba. Karnuka da dama masu alajin abinci suna haɗawa da na muhalli, kuma dawowar yis a wata na 9 alhali ba a karya dokar abinci ba tana nuna wannan karen na cikinsu. A wata na 12 yana kan 1 zuwa 2, nauyinsa kilo 19, fatar hammata ta yi laushi ta fara washewa daga gefe. An ajiye cewa idan lambar ta wuce 4 na sati guda, salatif za a fara yi kafin a ba shi kowace ƙwaya.